Ni na zare wayar, ba Malam Isyaku ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Isyaku ya tafi.

Da safen nan ina ɗaura agogo zan fita ofis wayata ta yi ƙara. Na ga sunansa, na ɗauka da saurina na ce, "Malam, ya ƙarfin jiki?"

Ba muryarsa na ji ba. Babban ɗansa ne, Mubarak.

"Baba Nasiru, sai haƙuri. Allah ya yi wa Baba rasuwa bayan sallar asuba. Ƙarfe goma sha ɗaya za a yi jana'iza."

Ban san abin da na ce masa ba. Na dai tsinci kaina zaune a kan dakalin ƙofar gida da takalmi ɗaya a ƙafa, mai ɗakina tana tambayata ko lafiya.

Yanzu na dawo daga maƙabarta, ko ruwa ban sha ba. Rubutun nan zai yi tsawo, ku daure ku karanta har ƙarshe, musamman ku da kuka yi karatu a jami'ar da nake aiki a nan Wudil. Shekara huɗu ke nan da aka ɗora wa wannan bawan Allah wani laifi, ya ɗauka bai ce uffan ba, yau ya shiga kabari da shi. Laifin nawa ne.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Isyaku shi ne shugaban ɗakin na'urori na sashen kwamfuta lokacin da aka ɗauke ni aiki. Mutumin Utai ne, amma a Sabon Gari yake zaune da iyalinsa. Asalinsa mai gyaran layin tarho ne. Bayan sojoji sun koma bariki, aka shiga buɗe makarantu ana zuba musu kwamfutoci, sai ya dawo wannan fanni. Da hannunsa ya koye shi, da kuma littattafan nan da ke zuwa cikin kwali tare da na'ura, waɗanda mu ba ma ko buɗewa.

Difloma kawai gare shi. Ni kuwa na zo da digiri da ɗaga hanci, shi ya sa tun ranar farko ya raɗa mini suna Injiniya, kuma ba yabona yake yi ba.

A ranar na shiga ɗakin da 'yar shat mai gajeren hannu. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin firji, don na'urorin ba sa son zafi. Kafin awa guda haƙorana sun fara haɗuwa, amma girman kai ya hana ni magana. Ya cire rigar sanyinsa ya miƙo mini, idonsa na kan allon kwamfuta.

"Sa wannan, Injiniya. Ba a rubuta maganin mura a takardar digiri ba."

Ranar Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya biya bakin gada ya sayo soyayyen kifi da yaji, mu zauna a baranda mu ci, don ko ruwa ba ya yarda a shigar masa ɗakin na'urori. Da matata ta haihu a asibiti a Kano, sati guda yana yin aikinsa da nawa, bai taɓa goranta mini ba. Ranar suna shi ya fara zuwa, a kan tsohon babur ɗinsa mai tari, da buhun gero daga gonarsa ɗaure a baya.

Bari in yi muku bayanin aikin a taƙaice, in ba haka ba ba za ku gane girman abin da na aikata ba.

A ɗakin akwai manyan kwamfutocin da muke kira saba. Su ke gudanar da rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa da sauransu. Amma saba ba ta riƙe bayanan a cikinta. Akwai wata na'ura dabam da ke ajiye komai, ita Malam yake ce wa rumbu. Tsakanin saba da rumbu akwai suwic, akwatin da wayoyi ke haɗuwa a cikinsa. Wayoyin na faiba ne, sirara, haske ne ke bi ta cikinsu. Aikinmu shi ne mu haɗa kowace saba da rumbu, in hanyar ta yanke kuma mu nemo inda ta yanke.

Dokar Malam ita ce kowace saba a ba ta waya biyu, kowace waya kuma ta bi ta suwic ɗinta dabam. In ɗaya ta mutu ɗaya ta ɗauki kaya, masu aiki a ofisoshi ba ma za su san an yi ba.

Takardar da ake liƙa wa waya don a gane ta takan ɓamɓare, sai ya ƙirƙiro tasa dabarar. Ya samo zaren ɗinkin hula wurin matarsa, ja da kore. Duk wayar da ta bi suwic na farko ya ɗaura mata jan zare, wadda ta bi na biyu ya ɗaura mata kore. Masu kawo mana kaya daga Legas sukan yi dariya in sun gani, sai daga baya ka ga suna ɗaukar hoto.

Wata rana wata saba ta daina ganin rumbu. Na zauna gaban kwamfuta tun hantsi har azahar ina ta buga umarni, ina zufa cikin wannan sanyi, ina zagin kamfanin da ya ƙera na'urar. Malam ya shigo ya tsaya a bayana.

"Ka duba fitila?"

"Malam, ai matsalar ba ta nan ba ce, ta cikin tsarin kwamfutar ce."

"Na ce ka duba fitila?"

Ya zagaya bayan kabad ɗin da na'urorin ke ciki ya durƙusa. 'Yar fitilar da ya kamata ta nuna kore a mace take. Ya bi wayar da yatsa a hankali har ya iso inda ƙofar kabad ta danne ta ta karye. Ni na rufe ƙofar da safe. Ya sauya wayar, fitila ta kama, saba ta ga rumbunta. Duk bai fi minti biyar ba.

"Daga ƙasa ake farawa, Injiniya. Wuta, waya, fitila. Sai sun wanke kansu tukuna ka je kana tuhumar tsari."

Shi ya koya mini kada in kuskura in leƙa bakin wayar faiba da ido. Shi ya koya mini cewa ko waya na da lafiya, saba ba za ta ga rumbu ba sai an rubuta sunanta a jerin da ke cikin suwic. Yakan ce baƙo ko ya san hanyar gida ba ya faɗawa ciki sai an yi masa iso. Duk abin da nake taƙama da shi yau a wannan aiki daga bakinsa na tsinta.

Kuma yana da wata al'ada da ta fi komai ba ni tsoro da farko. Duk ranar Alhamis da safe sai ya yi bismillah ya zare jar wayar wata saba da gangan, tana tsaka da aiki. Mu zuba ido mu ga ko koriyar za ta ɗauka. In ta ɗauka ya mayar da jar, ya zare koriyar. Haka zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na fara gani har ihu na yi.

Ya ce, "Gara in zare ta da hannuna ina kallo, da ta zare kanta ina gona."

To ga abin da ya faru.

Shekara huɗu da suka wuce ƙanensa ya rasu a Utai, ya tafi zaman makoki ya bar mini ɗakin. A satin aka kawo sabuwar saba ta rajistar sababbin ɗalibai. Aka kawo ta ba wayoyinta, wai suna hanya. Shugaban sashenmu kuma yana da baƙi da za su zo ranar Laraba, yana son su ga tana aiki. Sau uku yana kirana a rana.

"Nasiru, in Malam Isyaku ba ya nan shi ke nan aiki ya tsaya? To kai meye amfaninka?"

Wannan magana ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ban ce masa babu waya ba. Ban kira Malam na nemi shawara ba, alhali kira ɗaya ne. So nake a ce Nasiru ya iya ko babu tsohon.

Na duba sito, waya ɗaya ce ta rage mai wannan tsawon, ita ma matacciya, wadda aka cire aka jefar a kwali. Sai idona ya kai kan sabar sakamakon jarrabawa. Waya biyu gare ta, kuma na san da ɗaya ma za ta yi aiki. Na ce a raina aro ne kawai, da zarar kaya sun iso zan mayar.

Na zare koriyar wayarta na kai wa sabuwar saba.

Da a nan na tsaya, da sai a ce kuskure ne irin na gaggawa. Ban tsaya ba. Na san in Malam ya dawo ya ga ramin wayar a buɗe zai tambaya. Sai na ɗauko matacciyar wayar nan ta cikin kwali na cusa a gurbin, na kwance koren zaren daga ta gaskiyar na ɗaura mata. Na shiga cikin tsari na kashe saƙon gargaɗin da na'urar ke turawa in hanya ɗaya ta yanke. Duk wanda ya leƙa zai ga waya biyu, ja da kore, kamar kullum.

Baƙi suka zo suka gani suka yaba. Shugaba ya dafa kafaɗata a gabansu.

Malam ya dawo ranar Litinin, idanunsa sun faɗa. Lokacin an fara shigar da makin 'yan ajin ƙarshe, kuma a irin wannan lokaci ba ya yin gwajinsa na Alhamis, don ba a taɓa komai sai sassa sun gama. Ya ajiye jakarsa, muka gaisa, na yi masa gaisuwar rashi. Sannan ya yi mini tambaya ɗaya.

"Hanyoyi biyun nan duk suna nan?"

Na ce, "Suna nan, Malam."

"Ka duba da idonka?"

"Na duba."

"Madalla." Bai zagaya bayan kabad ba. Mutumin da ba ya yarda da na'ura sai ya taɓa, ranar ya yarda da bakina.

Wayoyin da aka ce suna hanya ba su zo ba. Sati ɗaya, sati biyu, sati uku. Kullum in na shiga ɗakin sai in ce gobe zan faɗa masa. Har na fara sabawa da abin.

Ranar wata Talata da tsakar rana aka ɗauke wuta. Wurin komawa kan janareta wutar ta zo da ƙarfi, suwic na farko ya ƙone, har muka ji ƙaurinsa. Sauran sabobin duk suka koma kan koriyar hanya, ko gezau ba su yi ba. Sabar jarrabawa kaɗai ta nemi rumbu ta rasa, kuma a daidai lokacin tana tsaka da rubuta makin ɗalibai. Abin da ke ciki ya dagule. Kwafin da muke da shi a ajiye tun kafin a fara shigar da maki ne.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya yi yadda ya saba, ya fara daga ƙasa. Ya durƙusa bayan kabad, ya ga fitilar koriyar a mace, ya bi wayar da yatsa, ya zare ta. Ya gwada ta a wani ramin, shiru. Ya daɗe yana juya ta a hannunsa ta wurin zaren. Ina tsaye a kansa. Sai ya naɗe ta ya sa a aljihun rigarsa ya ce, "Wannan ta daɗe da mutuwa."

Bai kalle ni ba. Ni kuma na ɗauka na tsira.

Sai da sassa suka koma suka tattaro takardun jarrabawa aka sake shigar da komai da hannu. Kafin a gama, lokacin tura sunayen masu zuwa bautar ƙasa ya wuce. 'Yan ajin nan gaba ɗaya suka zauna a gida suna jira. Wasunku da ke karanta wannan kuna cikinsu.

Aka kafa kwamiti. Aka kira mu mu biyu. Shugaban kwamitin ya tambayi me ya sa saba mafi muhimmanci take tafiya da hanya ɗaya. Na buɗe baki, wallahi ban san abin da zai fito ba, sai Malam ya riga ni.

"Ranka ya daɗe, wayar ta biyu matacciya ce, kuma ban gwada ta ba kafin a fara shigar da maki. Ni ne mai ɗakin. Sakacina ne."

Aka juyo kaina aka ce ko ina da abin cewa.

Na ce babu.

Aka ba shi takardar gargaɗi, aka cire shi daga ɗakin da ya gina da hannunsa, aka mayar da shi sito yana ƙirga matattun kwamfutoci. Aka ce ai dama aikin ya fi ƙarfin mai difloma, lokaci ya yi da za a ba masu ilimin zamani. Aka ba ni kujerarsa. Har yau a kanta nake zaune.

Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, shi ya doka.

Ɗalibai suka sa shi a bakin duniya. Aka riƙa yawo da hotonsa a waya ana cewa ga tsohon da ya cinye mana shekara. Na ga rubuce-rubucen nan da idona, wasu ma a nan shafin nawa aka yi su, ban goge ba, ban kuma tanka ba. Wani uba ya je har ƙofar gidansa a Sabon Gari ya zazzage shi a gaban 'ya'yansa. Maƙwabcinsa ne ya ba ni labari, ya ce Malam haƙuri kawai ya yi ta bayarwa, har ya raka mutumin bakin titi.

Duk da haka bai sauya mini fuska ba. In muka haɗu a masallaci shi ke fara miƙo hannu. "Injiniya, ya rumbu? Kana yin na Alhamis kuwa?" In ce ina yi. Ranar Juma'a wani lokacin in tarar da ƙunshin kifi a kan teburin baranda, mai gadi ya ce Malam ne ya ajiye. Na daina iya cin kifin, sai in ba mai gadin.

Bara ya yi ritaya. Ciwon suga ya kwantar da shi, daga baya ya taɓa ƙoda.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati uku ke nan, ranar wata Asabar bayan la'asar. Zan so in ce dubiya ce ta kai ni, amma yau ba ranar ƙarya ba ce. Wata saba ce ta yi kwana biyu tana ganin rumbu tana ɓatar da shi, na rasa kanta, sai na sayi lemo da kankana na tafi da sunan dubiya.

Na same shi a soro kan tabarma, ya jingina da filo, ƙafafunsa sun kumbura. Ya rame ƙwarai, amma idon nan yana nan. Muka gaisa, ya tambayi mai ɗakina da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sannan ya yi murmushi.

"To faɗi abin da ya kawo ka. Kankanar nan ta yi girma da yawa a ce ta dubiya ce kawai."

Na faɗa masa. Ya lumshe ido ya yi mini tambaya uku. Ko matsalar tana bin waya in an sauya mata rami, ko tana zama a ramin. Ko da rana ta fi yi. Ko na'urar sanyaya ɗakin ta ɓangaren hagu tana aiki. Na amsa. Ya ce ɗan ƙarfen da wayar ke shiga a jikin suwic ne yake gajiya in ya ji zafi, in sauya shi in kuma gyara sanyin. Washegari na yi hakan, kuma shi ne.

Na miƙe zan tafi, ya ce in ɗan zauna. Ya aiki ƙaramar 'yarsa ciki ta kawo ruwa, sai da ta shige sannan ya yi magana, murya ƙasa ƙasa.

"Nasiru."

Rabon da ya kira ni da sunana har na manta.

"Ka san kawunnaina masunta ne. A hannunsu na koyi ƙulli tun ina yaro. Duk zaren da ke ɗakin nan ƙullin komar kamun kifi na yi masa. Wanda na samu a jikin wayar nan ranar, ƙullin bakin buhu ne."

Ya zuba mini ido. Babu faɗa a fuskarsa. Jira kawai yake yi. Mu biyu ne a soron, babu kwamiti, babu shugaba, ba abin da zai same ni. Ya buɗe mini ƙofa har bango, abin da ya rage in ce Malam ni ne, ka yafe mini.

Kun san abin da na ce?

Na ce, "Wace waya ke nan, Malam?"

Ya dube ni. Sannan ya gyara filonsa ya kawar da kai.

"Ba komai. Tsufa ne, surutu ya yi mini yawa. Ka gaida gida."

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Na fito na hau mota, na ce zan dawo ranar da na shirya. Sau biyu ina zuwa har bakin layinsu in juya.

Yau an yi masa salla a ƙofar gidan. Jama'a sun taru fiye da yadda na zata, mutanen Utai mota biyu, abokan aiki, maƙwabta. Da ni aka ɗauki makara, da hannuna na taya jera itace a kabarin. Da aka gama rufewa liman ya yi nasiha, ya ce ɗan'uwanmu ya tafi inda ba ya iya neman gafarar kowa da bakinsa, duk wanda ya san marigayi ya taɓa saɓa masa ya dubi Allah ya yafe.

Mutane suka amsa, mun yafe, Allah ya yafe mana.

Muna fitowa wani mutum ya tare Mubarak a bakin ƙofar maƙabarta. Na gane shi, Auwal ne, yana cikin 'yan ajin da abin ya shafa, yanzu yana da shago a cikin gari. Ya riƙe hannun Mubarak da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa.

"Ni ɗaya ne daga cikin waɗanda mahaifinku ya ɓata wa shekara. Aikin da aka yi mini alkawari a lokacin ya wuce ni. Na daɗe ina riƙe da shi a zuciya, har na sha yi masa mugun baki. Amma yau na yafe masa duniya da lahira."

Mubarak ya sunkuyar da kai ya ce, "Mun gode. Allah ya saka da alheri. Baba ya sha cewa a roƙa masa ku."

Ina tsaye tsakanina da su bai fi taku uku ba, ƙasar kabarinsa tana hannuna. Ɗansa yana godiya don an yafe wa ubansa laifina. Ko 'ya'yansa bai faɗa wa ba.

A nan ma ban yi magana ba. Na kai matuƙa a rashin kunya, amma ban iya buɗe baki a gaban mutane ba, shi ya sa nake rubutawa, inda ba zan iya janyewa ba.

Auwal, da duk 'yan ajinku, ku ji da kyau. Malam Isyaku bai ɓata muku ko kwana ɗaya ba. Ni Nasiru na zare wayar, ni na sa matacciya a gurbinta, ni na kashe gargaɗin, ni na dubi idonsa na ce na duba. Zagin da kuka yi masa nawa ne, mugun bakin da kuka yi masa ni ya kamata ya bi. Wanda ya ga zai iya yafe mini, na gode. Wanda ba zai iya ba, yana da gaskiya, kuma ofishina ba ɓoyayye ba ne.

Na rubuta takarda zuwa ga hukumar makaranta, gobe da safe zan miƙa da hannuna. Na faɗi komai, na roƙi a cire takardar gargaɗin nan daga fayil ɗinsa a rubuta wa iyalinsa cewa ba shi da laifi. Abin da za su yi da ni su yi. Kafin nan, in an yi sallar magariba zan je gidan in durƙusa gaban mahaifiyar su Mubarak in faɗa mata da bakina. Ban san da wane ido zan dube ta ba.

Kada kowa ya rubuto mini cewa na yi jarumta. Jarumta sati uku da suka wuce ake nemanta, a soro, gaban mai rai. Wanda ya kamata ya ji wannan magana mun rufe shi ɗazu da rana, kuma ba zan taɓa sanin ko ya yafe ba.

Ya Allah, ga bawanka Isyaku ya zo gare ka. Ka san abin da ya ɗauka wanda ba nasa ba, ka san shirun da ya yi. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka rufa masa asiri ranar tsayuwa fiye da yadda ya rufa mini. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka tsaya wa marayunsa.

Ku da kuka karanta, don Allah ku yi masa addu'a, ko ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Wanda kuma ya san ya taɓa tura hotonsa da mummunar magana, ya tura wannan zuwa duk inda ya tura wancan.

Allah ya jiƙan Malam Isyaku. Amin.